Ba Minnatullah Ce Ta Rubuta Shi Ba

Ranar Alhamis ce, cikin watan Rajab, a shekarar 2016. Na dawo daga sallar asuba na tarar da 'yata Minnatullah a kicin, tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta ɗora ɗayar a kan gwiwa, tana jiran ruwan shayi ya tafasa. Haka take tsayuwa tun tana ƙarama, mahaifiyarta ta yi faɗa har ta gaji. Ta jingina wayarta da gwangwanin sukari tana karatu. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Da gari ya waye na ɗauke ta a mota kamar kullum, daga gidanmu a Shisha, a nan Makka, zuwa Rusaifa, inda take aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. A hanya ta ba ni labarin musun da aka kwana ana yi ta waya a zauren masu karanta wani ɗan littafi da ya fito a farkon shekarar. Wani ya ce direban da ke cikin labarin matacce ne tun daga shafin farko. Ta ce shirme ne, matacce ba ya tsayawa layin sayen waken ful. Na ce mata ni ban karanta ba, don haka ba ni da ra'ayi.

Ta ce, "Abuya, rabin masu ra'ayin ma ba su karanta ba."

Da azahar ta kira mahaifiyarta, Aishatu, ta tambaya ko miyar kukar jiya ta yi saura, ta ce a ɓoye mata kada in riga ta. Bayan la'asar na je na ɗauko ta. Ta ce yau wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta zo, an riga an soke ta a wani wuri ba a samu jijiya ba, ita kuwa ta samu a karon farko, tsohuwar ta yi ta sa mata albarka har ta haɗa da kakanninta. Mun tsaya mun sayi gurasar tamis. Ta cinye gefen da ya fi ƙonewa kafin mu isa gida.

Bayan magariba ta zauna tana shirya abin da za ta karanta wa kakarta washegari, tana tambayata yadda ake faɗin wasu kalmomi da Hausa. Bayan isha ta ce kanta na ciwo, ta sha magani ta kwanta da wuri. Da safiyar Juma'a ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe a cikin kanta, irin wadda mutum ke ɗauke da ita tun haihuwa bai sani ba. Ba ta farfaɗo ba. Ranar Lahadi ta cika, tana da shekara ashirin da huɗu.

Tun daga lokacin ake yaɗa wata magana a kanta. Maganar yabo ce, amma ba gaskiya ba ce. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Ni mutumin Zariya ne. Na zo Makka karatu ina saurayi, na gama, na zauna ina koya wa baƙi Larabci. Aishatu kuwa haifaffiyar nan ce, kakanninta sun taso daga Katsina a ƙafa ta hanyar Sudan. An haifi Minna a gidan mahaifiyar Aishatu, Hajiya Ɗaso, a wani lungu a kan dutse a Misfala, inda mota ba ta isa, sai an hau matakala mai tsawo da kaya a ka. Tana budurwa aka rushe unguwar don faɗaɗa gari. Yanzu masauki ne mai hawa da yawa a wurin. Shi kansa dutsen an sassaƙe shi.

Minna ba ta cikin masu zuwa na ɗaya a makaranta. Ta fi ƙarfi a kimiyya, ta fi rauni a rubutun insha'i, har wata malama ta taɓa ce mana yarinyar tana rubutu kamar wadda ake cajin ta kuɗin kowace kalma. Larabci ne harshenta na farko. Hausarta ta kicin ce, ta san sunan kowace miya amma ba ta iya gaishe da babba yadda ya kamata ba sai da ta girma. Tana tsoron kyanwa. Ba ta iya riƙe sirri ba: in ta saya wa mahaifiyarta kyauta da safe, kafin azahar ta faɗa. Abin da ta iya fiye da kowa da na sani shi ne tambaya. Tana tambayar mutum ta saurari amsar, sannan ta sake tambaya daga cikin amsar. Ina jin shi ya sa tsofaffi ba sa jin shigar allurarta.

Littafin da Larabci aka rubuta shi, gajere ne, ana gama shi a zama biyu. Ba a maɗaba'a ya fito ba, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, marubucin kuma ya sa hannu da wani suna mai ma'anar ɗan lungu. Bayan rasuwarta na karanta shi. Labarin wani direban tasi ne a Makkar yau. In ya ɗauki wata fasinja, mace mai lulluɓi wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba, ya shiga da ita ɗaya daga cikin hanyoyin da aka huda cikin duwatsu, sai ya fito a unguwannin da aka rushe. Gidajen suna nan, masu gurasa suna gasawa, yara suna wasa, babu wanda ya san an rushe su. A ƙarshe ya kai ta wani lungu a tsohuwar Misfala, ta ce ya kashe mota ya biyo ta. Nan labarin ya tsaya.

Matasan garin nan suka kama shi kamar wuta ta kama kara, musamman 'ya'yan waɗanda aka tasa. Suka buɗe zauruka a waya. Wasu suka ce macen aljana ce. Wasu suka ce ita ce garin kansa. Wani ɗalibi ya rubuta dogon bayani cewa duk labarin mafarkin mai zazzaɓi ne, aka yi masa ca. Wasu malamai suka ce a guji littafin, wannan ya ƙara masa masu karatu. Minna tana ganin macen mahaifiyar direban ce, wadda ta ƙi fita daga gidanta ranar da aka zo rusau. Amma hasashen da ya fi kowanne zafi shi ne na wane ne marubucin. An lura cewa akwai mai tsire a labarin, akwai wata tsohuwa mai sayar da fura, sai aka ce lallai ɗan Hausawan Makka ne.

Hajiya Ɗaso ba ta karatun boko, idanunta ma sun yi rauni. Tun bayan rusau take zaune da mu, tsofaffin maƙwabtanta kuwa sun warwatse a unguwanni daban-daban. Duk Juma'a bayan la'asar uku ko huɗu daga cikinsu kan zo a tasi su sha shayi. Wata rana Minna ta ce bari ta karanta musu labarin unguwarsu. Ta riƙa karanta jimla da Larabci a zuci tana faɗa da Hausa. Daga falo nake jin su.

Ba su bar ta ta yi nisa ba. Da ta ce direban ya wuce gidan burodi ya juya dama, sai Hajiya ta ce ƙarya ne, dama ai katangar masallaci ce, sai dai in motarsa na ratsa bango. Wata ta ce mai furar ba a gindin matakala take zama ba, a tsakiya take, inda masu hawa ke tsayawa su huta, don a nan ne ƙishirwa ke kama mutum. Da aka zo kan ko macen aljana ce, suka ce wannan ba abin tambaya ba ne. Abin tambaya shi ne wane irin direba ne a Makka zai yi ta kai mace unguwa bai taɓa maganar kuɗin mota ba.

"Shi ne aljanin," in ji Hajiya. Sannan ta juya ga jikarta. "Ke kuma ƙawata, Hausar nan taki ɗanya ce, a mayar da ita wuta."

Minna ta ce, "Sitti, ke ce kika dafa ta."

Bayan kowane zama sai Minna ta rubuta gyare-gyaren tsofaffin a zaure, a taƙaice yadda ta saba: kaza ba daidai ba ne, kakata ta ce kaza. Ta kuma kafa nata hasashen, cewa marubucin bai taɓa zama a Misfala ba, ji ya yi daga bakin wani babba. Sai wani abu ya faru. Marubucin ya fara sakin ƙananan ƙare-ƙare lokaci-lokaci, shafi biyu ko uku, kuma a cikinsu mai fura ta koma tsakiyar matakala, direba ya daina juyawa dama. Ranar da Minna ta fara ganin haka ta shigo falo da gudu ba ɗankwali, ta sa mini wayar a fuska, ta wuce ɗakin kakarta tana cewa an ji maganarsu. Hajiya ta ce to a gaya masa har yanzu bai gyara ƙofar gidan mai gawayi ba.

An yi wa Minna salla a Harami bayan la'asar, tare da wasu mamatan da ban san su ba, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna. Dutse ne kawai a kai, irin na kowa. Na daɗe da sanin haka, na kuma sha bayyana wa ɗalibaina hikimarsa. Ban san nauyinsa ba sai da na juyo zan tafi.

A kwanakin ta'aziyya 'yan mata da yawa sun zo wajen Aishatu waɗanda ba mu sani ba. Mun ɗauka abokan aiki ne. Daga baya ƙawar Minna, Hadil, wadda suka yi makaranta tare, ta gaya mana daga zauren suke. Makonni suka wuce marubucin bai sake sakin komai ba. Sai wani ya haɗa biyu da biyu. Ya ce wadda ta fi kowa sanin lungunan Minnatullah ce, gyaranta ne kaɗai ke shiga littafin, 'yar Hausawan Misfala ce, kuma daga ranar da ta rasu alƙalamin ya tsaya. Kafin azumi magana ta zama gaskiya a wurinsu. Suka riƙa ɗauko tsofaffin saƙonninta suna warware su kalma-kalma. Inda ta zagi marubucin suka ce ɓad da sawu ne. Suka ce ta san za ta mutu, shi ya sa direban ya kashe mota.

Bayan ƙaramar salla sabon ƙari ya fito, shafi uku. Na yi hamdala, na ce magana ta ƙare. Cikin yini guda suka ce ai ta bar shi ne a hannun wani amintacce kafin ta rasu, ya saki a lokacin da ta ce. Shi kuma marubucin, ko wane ne, bai ce uffan ba. Ban zarge shi ba. Mai yiwuwa yana da dalilin ɓuya da ya fi ƙarfinsa.

Sai Hadil ta zo da magana. Ta zauna a bakin kujera, Aishatu na gefenta. Ta ce 'yan zauren sun haɗa kai za su buga littafin a takarda, da sunan Minnatullah a bango, abin da aka samu a yi mata sadaka da shi. Izininmu kawai suke nema. Na tambaye ta ko Minna ta taɓa ce mata ita ta rubuta. Ta ce a'a, amma ai ba za ta faɗa ba. Na ce mata ta san ƙawarta, ta gaya mini sirri guda da Minna ta taɓa riƙewa ya kwana. Ta yi murmushi, sai kuma hawaye suka zo mata.

Ta ce, "Baba, in ba ita ba ce, to me ya rage nata? Ko kabarin ba mu san shi ba."

Na ce mata ba zan sa sunan 'yata a kan aikin wani ba, ba kuma zan aika mata da sadakar da aka samo ta wannan hanyar ba. Ta tafi ba ta sha shayinta ba.

Ban zaci Aishatu za ta saɓa mini a kan wannan ba, amma ta saɓa. Ba ta ce ta yarda Minna ce ta rubuta ba. Cewa ta yi ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, yarinya tana da awanni da yawa a ɗakinta da ba ma gani. Ta ce 'yan matan nan su ne kaɗai ke ambaton sunanta kullum, 'yan uwa sun riga sun koma harkokinsu. Na ce mata na ga fuskar Minna ranar da mai fura ta koma tsakiyar matakala, mutum ba ya yi wa kansa irin wannan mamakin.

Ta ce, "Malam, kai kana da hujja. Ni ba ni da 'ya. Ka bar mini ita ko a bangon littafi ne."

Mun yi kwanaki muna gaisawa kawai. Hajiya Ɗaso ta ji komai daga ɗakinta. Abin da ta ce, da Aishatu ta kai mata abinci, shi ne yarinyar ba ta taɓa ƙago ko da ƙofa ɗaya ba, tambaya take yi a gaya mata. Tsofaffin sun ci gaba da zuwa ranar Juma'a. Babu wadda ta nemi a ƙarasa musu labarin.

Har lokacin ba mu taɓa ɗakin Minna ba. Da aka shiga watan Zulƙida Aishatu ta ce lokaci ya yi. Ta gaya wa Hadil ranar, don ta zo ta taya ta. Hadil ta faɗa a zaure, sai ga 'yan mata shida a ƙofa. Na koma falo na bar musu ɗakin. Abin da ya biyo baya Aishatu ce ta ba ni labari.

Sun shiga da ladabi, sun yi addu'a. Sannan suka fara tambaya. A kan wannan teburin take rubutu? Da wane alƙalami? Wata ta nemi a ba ta ko da biro ɗaya ta ajiye. Wata ta tsaya a taga ta ce lallai daga nan take hango duwatsun da ta sa a labarin, alhali tagar bangon maƙwabta take kallo. Wata ta ce ta tabbata Minna mai shiru ce, mai yawan kaɗaici, irin masu zurfin ciki. Aishatu na riƙe da farar rigar aikin Minna tana ninkewa. Babu wadda ta tambayi ko ta mece ce.

Ta ba su shayi, ta yi musu godiya, ta raka su ƙofa hannunsu babu komai. Hadil kaɗai ta ce wa ta tsaya. Da Aishatu ta dawo falo ta zauna nesa da ni kaɗan.

Ta ce, "Mai shiru. Minna." Ta girgiza kai. "Waɗannan ba 'yata suke yi wa kuka ba."

A yammacin nan na rubuta gajeren saƙo da Larabci na ba Hadil ta sa a zaure. Na ce Minnatullah mai ɗaukar jini ce a ɗakin gwaji, ta karanta littafin ta so shi, ta karanta wa kakarta da ƙawayen kakarta, kuma duk abin da ta gyara daga bakinsu ta ji. Na ce ba mu yarda a sa sunanta a bango ba. Aishatu ta karanta kafin a tura, ta ce in ƙara sunayen tsofaffin, na ƙara. An fasa bugun. Wasu sun ba da haƙuri. Wasu sun ce ai dole uba ya faɗi haka, wannan ma hujja ce. Har yau akwai masu faɗa. Ba ni da iko da bakinsu.

Kayanta ba su da yawa. 'Yan kunnenta da awarwaro biyu an raba su yadda shari'a ta ce, ni na bar wa Aishatu rabona. Wayar mun sa an goge komai a cikinta, muka ba wata ƙanwar Aishatu da tata ta lalace. Littattafan karatunta na kimiyya Hadil ta kai wa 'yan ajin ƙarshe a makarantarsu. Fararen rigunan aiki uku mun mayar asibitin, abokiyar aikinta ta karɓa ta rungume su. Hadil ta zaɓi wata tsohuwar jakar makaranta mai tsinkakken hannu, ta ce ita ce ta tsinke shi suna aji biyu, suna rigima a kan kujerar taga. Hajiya ta ɗauki bargo.

Tufafin kuwa, Aishatu ta ce kada a ba kowa da ya san sunan littafin. Muka zuba su a jakunkuna, na kai ta ƙasan Misfala, ɓangaren da ba a rushe ba, inda matan da suka zo daga gida ba da daɗewa ba suke haya su da yawa a ɗaki guda. Na tsaya a mota ta shiga. Ta ce sun raba ba hayaniya, kowace ta gwada a jikinta. Wata yarinya 'yar Damagaram ta samu baƙar abayar da Minna ke zuwa aiki da ita, ta yi mata tsawo har tana ja a ƙasa. Ta tambayi sunan mai ita don ta yi mata addu'a, Aishatu ta gaya mata. Ta tambayi me take yi a duniya, Aishatu ta ce a asibiti take, tana ɗaukar jini, hannunta ba zafi. Yarinyar ta ce Allah ya jiƙanta, ta nemi allura da zare a wajen 'yar ɗakinsu, ta zauna a ƙasa ta fara rage tsawon.